Muryoyin fursunonin yaƙin duniya na ɗaya a taskar birnin Berlin

A jami'ar Humboldt da ke birnin Berlin na ƙasar Jamus akwai wata taska ta tsofaffin fayafayan garmaho da ake kira Lautarchiv, wadda ke ɗauke da muryoyin fursunonin yaƙin duniya na ɗaya.

A shekarar 1915 ne aka kafa wani kwamiti na masana a ƙarƙashin jagorancin Carl Stumpf, yayin da Wilhelm Doegen ya kula da aikin ɗaukar muryoyin. Daga wannan shekara zuwa 1918 masanan sun zazzaga sansanonin fursunoni, inda suka cika fayafayai kimanin 1,650 da magana da waƙoƙi a harsuna da karin harsuna sama da 200. An kuma naɗi kaɗe-kaɗe da waƙoƙi a kan wasu 'yan gwangwanaye na kaki fiye da 1,000, waɗanda ke wata taskar dabam a birnin.

Sansanin da ya fi shahara shi ne na Wünsdorf, kudu da Berlin, wanda aka yi wa laƙabi da sansanin jinjirin wata. A nan aka tsare Musulmi daga arewaci da yammacin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, tare da sojojin Indiya na rundunar Birtaniya. A 1915 hukumomin Jamus suka gina musu masallaci, na farko da aka gina domin sallah a ƙasar, da nufin jawo hankalinsu su juya wa iyayen gijinsu baya, su mara wa Daular Usmaniyya, ƙawar Jamus. Kaɗan ne suka amsa wannan kira.

Kafin a ɗauki muryar fursuna, sai an rubuta abin da zai faɗa, an kuma cike takarda mai ɗauke da sunansa, da mahaifarsa, da addininsa, da sana'arsa. Daga nan sai ya tsaya gaban bakin na'urar ya yi magana. Harshe ne ya dami masanan, ba halin da mai maganar yake ciki ba. Amma duk da haka wasu fursunonin sun yi amfani da damar suka bayyana damuwarsu. A watan Disamban 1916 wani sojan Indiya mai suna Mall Singh ya ba da labarin wani mutum da yaƙin Turai ya raba da gida, yake kewar abincin ƙasarsu, yake kuma fargabar mutuwa a baƙon wuri. A kan wannan faifai Philip Scheffner ya gina fim ɗinsa na 2007.

An riga an juye fayafayan a kwamfuta. Sai dai masana na ci gaba da muhawara a kan wanda ya fi cancanta da su, ganin cewa mutanen da ke tsare ba su da ikon cewa a'a, kuma akasarin jikokinsu ba su taɓa jin waɗannan muryoyi ba.