Daga Haramci Zuwa Shakka: Tarihin Wata Gardama a Makarantun Amurka

A shekarar 1925, a garin Dayton na jihar Tennessee, kotu ta ci malami John Scopes tarar dala 100 bisa laifin koyar da ka'idar juyin halitta, wadda Charles Darwin ya bayyana a 1859. A wancan zamani, masu riƙo da zahirin labarin halitta na Littafi Mai Tsarki ba su ɓoye manufarsu ba: so suke a kori Darwin daga aji.

Kotun Ƙoli ce ta toshe wannan hanya. A 1968 ta soke irin wannan haramci a jihar Arkansas. A 1987 kuma ta rushe dokar Louisiana da ta wajabta a koyar da labarin halitta kafaɗa da kafaɗa da juyin halitta, domin tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini. Da kiɗa ya canza, sai rawa ta canza. Masu adawa suka ari makamin kimiyya kanta, wato shakka.

A 2002, hukumar ilimi ta gundumar Cobb a jihar Jojiya ta liƙa gargaɗi a littattafan ɗalibai, cewa juyin halitta ka'ida ce kawai, ba tabbas ba. A 2004, hukumar makarantun Dover a Pennsylvania ta sa a karanta wa yara sanarwar cewa ka'idar tana da giɓi. Kotuna sun yi watsi da matakan biyu a 2005. Amma a 2008 Louisiana ta yi dokar da ta ba malamai damar kawo ƙarin littattafai da sunan zurfafa tunani, Tennessee ta bi sahu a 2012.

Abin lura shi ne inda aka nufi shakkar. A harshen kimiyya, ka'ida bayani ne da hujjoji suka tabbatar, kuma babu wanda ya liƙa gargaɗi a kan ka'idar ƙwayoyin cuta. Masana suna gardama kan yadda juyin ya gudana, amma burbushin ƙasusuwa da ƙwayoyin gado sun daɗe da tabbatar da aukuwarsa.

Shakkar masanin kimiyya takan kai shi ga gwaji, kuma a shirye yake ya sauya ra'ayi. Yaron da aka koya wa shakkar da ta riga ta san amsarta zai bar makaranta ba tare da ya iya auna hujja ba.