Pete Frates: Mutumin Da Ya Sa Duniya Ta Sheƙa Wa Kanta Ruwan Ƙanƙara

Yau zan kai ku shekarar 2014, lokacin da Facebook ya cika da bidiyon mutane suna juye wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara a ka. Da yawa sun ɗauka wasa ne kawai na masu kuɗi. To, akwai mutum a bayan wasan nan, sunansa Pete Frates.

An haifi Pete a 1984 a jihar Massachusetts ta Amurka. Ɗan wasan besbol ne, har ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar jami'arsa, Boston College. A watan Maris 2012, yana ɗan shekara 27, likitoci suka tabbatar masa yana da cutar ALS, wadda a Ingila ake kira cutar jijiyoyin motsi.

Bari in ɗan tsaya kan cutar nan, don a nan nauyin labarin yake. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka ne suke mutuwa sannu a hankali. Hannu ya mutu, ƙafa ta bi, sai harshe, sai haɗiya, a ƙarshe numfashi. Amma yawanci hankalin mutum garau yake, yana kallon jikinsa yana kuɓuce masa. Galibin masu ita ba sa wuce shekara 2 zuwa 5 bayan an gano ta, kuma har yau ba ta da maganin warkewa.

Ba Pete ne ya ƙirƙiro wasan bokitin ba, ana yinsa tun kafin nan. Abin da shi da Pat Quinn, wani mai irin cutarsa, suka yi shi ne haɗa wasan da sunan cutar, suka tura shi cikin 'yan wasa da abokai har ya yaɗu kamar wutar daji. Ka sheƙa ruwan, ka ba da gudummawa, ka ambaci wasu su ma su yi. Bill Gates ya yi, Mark Zuckerberg ya yi. Ƙungiyar ALS Association kaɗai ta tara kusan dala miliyan 115.

An soki abin fa. Wasu sun ce ɓarnar ruwa ce, ga California tana fama da fari a lokacin, wasu suka ce neman suna ne. Ni dai ina ganin masu sukar suna da gaskiyarsu kan neman suna, amma kuɗin ya yi aiki. A 2016 masu bincike suka sanar da gano alaƙar wata ƙwayar gado mai suna NEK1 da cutar, kuma wani ɓangare na kuɗin binciken daga bokitin nan ya fito.

Shi kuwa Pete, a hankali ya rasa magana, ya koma numfashi da na'ura. Ya rasu ranar 9 ga Disamba 2019 yana da shekara 34. Pat Quinn ya bi bayansa a Nuwamba 2020.