Kariya

Kariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, tsiro ne mai kaurin gindi daga dangin Apocynaceae. Asalinta yankin Sahel ne da gabashin Afirka da kudancin yankin Larabawa, kuma a yau ana renonta a tukunya don ado har a Tailan, saboda furenta mai ruwan hoda ko ja.

Abin da ya fi kashe kariyar tukunya shi ne yawan ban ruwa. Kumburarren gindinta rumbun ruwa ne, kuma saiwarta na ruɓewa idan ta daɗe cikin laima, har gindin ya yi laushi. Wani zai ce ai a daji damina guda take sha ba ta mutu ba. Haka ne, sai dai a can tana tsirowa ne a kan rairayi ko tsakuwa inda ruwa ke tsanewa nan take, ita kuwa tukunya riƙe shi take yi. Don haka a huda gindin tukunyar, a gauraya ƙasa da yashi mai kauri, kada a ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau. Zubar ganyenta da hunturu ma ba ƙishirwa ba ce, hutu take yi, kuma sau da yawa a ranin take fure. Tana son rana sosai.

Ƙaronta dafi ne, an daɗe ana shafa shi a kibiya, saboda haka a nisanta ta daga yara da dabbobi.