Yadda Labarin 15 ga Janairu 1966 Ya Iske Mutanen Arewa

Duk dattijon da ya riski ranar Asabar, 15 ga watan Janairu 1966, yana da hankalinsa, in ka tambaye shi al'amarin wannan rana, ba da siyasa zai soma ba, da azumi zai soma, domin musibar juyin mulkin soja ta auku ne a goman ƙarshe na Ramalana na shekara ta 1385 bayan Hijira, lokacin da hankalin jama'a ya tattaru a kan tafsiri da asham da neman daren Lailatul Ƙadari. Mutanen Kaduna da ke zaune kusa da gidan Firimiya ba su bukaci mai ba da labari ba, gama tun kafin sahur ƙarar bindigogi ta tashe su, wuta kuwa tana ci a gidan da Firimiyan, Sardauna Alhaji Sir Ahmadu Bello, ya kwana a ciki. Da gari ya waye, magana ta fara yawo cikin raɗa cewa an kashe shi, tare da uwargidansa Hafsatu.

Mu da muke nesa, labarin gutsure-gutsure ya zo mana. A wancan zamani akwatin rediyo ba kowane gida ke da shi ba, saboda haka sai a taru a ƙofar gidan mai unguwa ko a rumfar wani attajiri, kuma da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, jagoran sojojin da suka kai harin, ya yi jawabinsa a Rediyo Kaduna da rana, da Turanci ya yi shi, wanda ya sa malamin firamare ko akawun En'e ya zama tafinta, yana fassara abin da shi kansa bai gama fahimta ba. Na tuna mahaifina bai ce uffan ba sai salati, wani maƙwabcinmu kuwa ya rantse ƙarya ce, wai ƙarfe ba ya kama Gamji, wato Sardauna. A ganina wannan musun ba jahilci ba ne. Mutane ne da tun 1954 ba su san wani Firimiya ba sai shi, har zukatansu suka kasa suranta Jihar Arewa babu shi.

Sai daga baya aka ji cewa abin ya wuce Kaduna: an kashe Firimiyan Yamma Akintola a Ibadan, an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad a Ikko, da wasu manyan hafsoshi. Amma abin da ya fi nauyi a zukata shi ne sha'anin Firayim Minista, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kwanaki kaɗan kafin nan ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen rainon Ingila a kan matsalar Rodeshiya, gama shi an ce dai sojoji sun tafi da shi, ba a ce ya rasu ba. Mutuwar Sardauna an yi kukanta a yini guda, amma ta Abubakar kusan mako aka yi tsakanin tsoro da fata, ana murɗa akwati zuwa Sashen Hausa na BBC bayan shan ruwa, ana yi masa addu'a a masallatai, alhali Janar Aguiyi-Ironsi ya riga ya karɓi mulki tun ranar 16 ga wata. Sai ranar 21 aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauci aka yi mata sutura, ana gab da ƙaramar Salla.