Dutsen Bleaklow: hawan da aka hana, ya zama sanadin sauya doka a Ingila

A filin tarihi na yau za mu leƙa arewacin Ingila, mu ga yadda hawan dutse, abin da wasu za su ɗauka yawon banza ne, ya kai samari kaso.

Tsakanin birnin Manchesta da na Shefil akwai wasu tuddai masu faɗi. Wanda aka fi sani shi ne Kinder Scout, mai tsawon metir 636. Maƙwabcinsa Bleaklow, mai metir 633, ba kowa ya san sunansa ba. Kada ku kawo duwatsun Ayar a ranku. Can sama fili ne shimfiɗaɗɗe, babu itace, sai gajerun tsirrai da baƙar ƙasa mai riƙe ruwa kamar soso. Mutum ya taka, ƙafa ta nutse har gwiwa. In hazo ya sauko kuwa, gabas da yamma duk ɗaya ne.

To, wa ke son irin wannan wuri? Masu kuɗi dai suna so. Tun ƙarni na 19 manyan masu filaye suka killace tuddan saboda farautar wata tsuntsuwa mai kama da fakara, wadda ake buɗe harbinta ranar 12 ga Agusta kowace shekara. Suka zuba masu gadi riƙe da sanduna. A ƙasa kuma ga leburorin masana'antu, kwana shida cikin hayaƙi da ƙarar inji, ranar Lahadi kaɗai suke da ita ta shan iska.

A lokacin hutun Ista na 1932, wasu matasan ƙungiyar wasannin ma'aikata ta Biritaniya suka ɗauki baƙinsu daga Landan don su hau Bleaklow. Masu gadi suka tare su, suka ci musu mutunci, suka kore su. Abin ya yi musu zafi ƙwarai, ga kunya gaban baƙi. Sai suka lura da abu guda: da suna da yawa, ƴan gadi ba su isa su maido su ba.

Ranar Lahadi 24 ga Afrilu 1932, mutum wajen 400 suka taru a wani ramin fasa dutse kusa da ƙauyen Hayfield. Wani bakanike ɗan shekara 20, Benny Rothman, ya hau kan dutse ya yi musu jawabi, suka nufi Kinder Scout suna waƙa. A gangaren tudun suka yi karo da masu gadin Duke na Devonshire, wato basaraken da ke da filin. Aka ɗan ba hamata iska, mai gadi guda ya ji ciwo. Suka wuce, suka haɗu da ƴan uwansu da suka taso daga Shefil, sannan suka juyo. Ko ainihin ƙololuwar ma ba su taka ba ranar.

Da suka sauko ƴan sanda na jira. Aka kama mutum shida. Kun san a dokar Ingila ta lokacin, shiga filin wani ba laifin ɗauri ba ne, don haka aka tuhume su da tada tarzoma. Kotun birnin Derby ta ɗaure biyar, daga wata biyu zuwa wata shida. Rothman ya samu wata huɗu.

Nan lissafin manya ya ɓace. Tsofaffin ƙungiyoyin masu yawon ƙafa, waɗanda suka shekara da shekaru suna bin majalisa da takardu, da farko sun soki yaran, suna ganin za su ɓata musu shiri. Amma tsananin hukuncin ya jawo musu tausayin jama'a, maganar ta ƙi mutuwa. Ba dare ɗaya aka yi nasara ba. A 1949 aka kafa dokar gandayen ƙasa. A 1951 wannan yanki na Peak District ya zama gandu na farko a ƙasar. A 1965 aka buɗe hanyar ƙafa ta Pennine Way, mai sama da kilomita 400, wadda ta ratsa ta kan Bleaklow. Sai a shekarar 2000 doka ta ba kowa damar yawo a irin waɗannan tuddai. A 2002 kuma, wajen bikin cika shekara 70, Duke na lokacin ya tsaya gaban taro ya nemi gafara kan abin da kakansa ya yi. Rothman bai ji da kunnensa ba, ya rasu a watan Janairun shekarar, yana da shekara 90.

Yau duk mai ƙafa yana iya tasowa daga garin Glossop ya hau Bleaklow. Kusa da sama zai tarar da tarkacen jirgin sojan Amurka samfurin B-29 da ya faɗi cikin hazo ranar 3 ga Nuwamba 1948, mutum 13 da ke ciki duka suka rasu. Ƙarafan na nan warwatse har yanzu.

Mu da muke ganin yadda burtali ke tsukewa kowace damina, tambayar waɗancan samari ba baƙuwa ba ce a kunnenmu: in fili na mutum guda ne, hanyar wucewa fa ta wa ce? Ku faɗa mana yadda abin yake a karkararku, za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah ya kai mu.