Kasafi

kasàfī sn., nj.; jam. kàsàfe-kàsàfe.

1. Rarraba abu kashi-kashi: *kasafin hatsi*.

2. ~n kuɗi: tsarin kuɗin shiga da na kashewa na shekara, Janairu zuwa Disamba a Nijeriya: *shugaban ƙaramar hukuma ya gabatar wa kansiloli ~.*
(a) ~n manyan ayyuka: kason gina abin da zai daɗe ana mora, kamar rijiyar burtsatse, magudanar ruwa, rumfunan kasuwa, tashar mota, ajujuwan firamare: *asibitin sha-ka-tafi ya shiga ~n bana.*
(b) ~n yau da kullum: albashi, alawus, man fetur; yakan cinye kaso mafi tsoka.
(c) ƙwarya-ƙwaryar ~: ƙarin da ake yi a tsakiyar shekara.
(d) giɓin ~: kashewa ta zarce samu.

Dang.: kasàftā fi., rarraba; kasṑ sn., nj., rabo.