Haɗa Abinci Wuri Guda da Rage Haɗarin Sankara: Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi da mutane daga 1994 zuwa 2018 game da tasirin cin wasu nau'o'in abinci tare. Ta rarrabe hujja iri biyu: wadda ke nuna haɗin yana ƙara yawan sinadarin da jiki ke sha, da wadda ke nuna yana hana sankarar kanta. Ta farkon tana da ƙarfi, ta biyun kuwa da sauranta. Daga nan maƙalar ta duba inda wannan ilimi ya shafi girkin ƙasar Hausa.

Gabatarwa

Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kimanin miliyan 20 ne suka kamu da cutar, miliyan 9.7 kuma suka rasu. Kason Najeriya a cikin sababbin kamuwar ya kusa 128,000. A ƙasar da yawancin majinyata ba sa isa asibiti sai ciwo ya ci jiki, duk abin da zai rage haɗari tun daga tukunya ya cancanci a dube shi da idon basira, ba da zumuɗi ba.

Darasin ƙwayar bita-karotin

Tun wajejen 1980 masana suka lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da sankarar huhu kamar sauran mutane ba. Zato ya tafi kan bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, sai aka ware shi aka mai da shi ƙwaya. A ƙasar Finlan aka gwada a kan maza mashaya taba 29,133. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha ƙwayar. Wani gwajin a Amurka, mai suna CARET, wanda ya haɗa bita-karotin da bitamin A, dole aka dakatar da shi a 1996 kafin lokacinsa, don ƙarin da aka gani ya kai kashi 28. A 2011 ma gwajin SELECT ya nuna ƙwayar bitamin E ta ƙara haɗarin sankarar furostet da kashi 17.

Karas bai cutar da kowa ba. Sinadarin da aka ware shi kaɗai aka ninka shi ne ya yi ɓarna. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin masana irin su David Jacobs na Jami'ar Minnesota, cewa amfanin abinci yana fitowa ne daga yadda sinadaransa ke aiki tare, kuma bincike ya kamata ya dubi kwanon abinci dungurungum.

Yadda wani abinci ke buɗe wa wani hanya

Hanyar da aka fi fahimta ita ce ta maiƙo. Laikofin, wanda ke sa tumatir ja, da bita-karotin ba sa narkewa cikin ruwa, sai cikin mai, kuma hanji ba ya iya shan su sosai idan babu shi. A 2004 masu bincike a Jami'ar Jihar Iowa suka ba mutane salak na alayyafo da latas da tumatir da karas. Da aka ci shi babu mai ko kaɗan, kusan ba a ga alamar waɗannan sinadarai a jini ba. Da aka zuba giram 28 na mai, sai suka bayyana sosai. Shekara guda bayan haka, a Jami'ar Jihar Ohio, aka gano cewa sa fiya a cikin markaɗen tumatir ya ninka laikofin da jiki ya sha fiye da sau huɗu. Dahuwa ma tana taimakawa, domin zafi yana fasa ƙwayoyin tumatir ya saki abin da ke ciki. Ke nan uwargidan da ta soya jajjage a man gyaɗa har mai ya taso ya yi ja a saman miya ta riga ta yi abin da waɗannan gwaje-gwaje suka tabbatar.

Gwajin da aka fi ambata shi ne na John Erdman da abokan aikinsa a Jami'ar Illinois, wanda ya fito a mujallar Cancer Research a 2007. An dasa wa ɓeraye ƙarin furostet, aka raba su rukuni-rukuni. Garin tumatir shi kaɗai ya rage nauyin ƙarin da kashi 34, garin burokoli, ɗan'uwan kabeji, ya rage kashi 42, haɗin biyun kuwa kashi 52. Tsantsar laikofin ba ta taɓuka abin kirki ba.

Shi burokoli yana da tasa sarƙaƙiyar. Sinadarin salforafen, wanda Paul Talalay da abokan aikinsa suka gano a cikin burokoli a Jami'ar Johns Hopkins a 1992, yana zaburar da hanta ta fitar da guba. Amma ba ya samuwa sai an yanka ko an tauna ganyen, wani sinadari mai suna mairosines ya yi aikinsa, shi kuma doguwar dahuwa tana kashe shi. Masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun nuna a 2018 cewa barbaɗa garin mustad a kan dafaffen burokoli yana mayar da abin da wuta ta kashe, har salforafen da jiki ke samu ya ninka sau huɗu.

Sai gangamau da masoro. Wani gwaji a Bangalor ta Indiya a 1998 ya nuna miligiram 20 na sinadarin masoro ya ninka shan kurkumin, sinadarin gangamau, kusan sau ashirin. Masu tallar magani sun yi ta yayata wannan adadi, ba sa kuma faɗin cewa a 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun samu rahotannin ciwon hanta a tsakanin masu shan ƙwayoyin gangamau, da dama daga cikinsu masu haɗin masoro. Ɗan abin da ake sawa a miya daban, ƙwaya daban.

Iyakar hujja

A nan ne ake yawan wuce gona da iri. Ƙaruwar sinadari a jini ba ita ce hana cuta ba, kuma abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lalle ya yi a jikin mutum ba. Asusun binciken sankara na duniya, WCRF, ya taɓa sa abinci mai laikofin a cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kare furostet, amma a 2014 ya sauke shi daga wannan matsayi. Abin da rahotonsa na 2018 ya tsaya a kai shi ne hatsi da ba a surfe ba, da abinci mai harza, da madara, waɗanda ke rage haɗarin sankarar babban hanji, tare da rage naman da aka sarrafa.

Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli

Kwaɗon zogale ko na rama haɗi ne da ya dace da duk abin da aka faɗa: ganye mai yalwar bita-karotin, ga tumatir da albasa, ga maiƙon ƙuli-ƙuli. Sai dai gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana ɗauke da afulatoksin, gubar da IARC ta sa a rukuni na farko na masu haddasa sankara, kuma suya ba ta kawar da ita. Ita ma gubar tana da abokin haɗi. Binciken da aka yi a kan maza fiye da 18,000 a birnin Shanghai na ƙasar Sin ya nuna afulatoksin ita kaɗai tana ninka haɗarin sankarar hanta kusan sau uku, ƙwayar cutar hanta nau'in B sau bakwai, amma in suka haɗu a jiki ɗaya ya kai kusan sau sittin. Duka biyun sun yawaita a Afirka ta Yamma.

Koren ganye na iya rage ɓarnar. A yankin Qidong na ƙasar Sin, gwajin da aka wallafa a 2001 a kan mutum 180 ya nuna wani sinadari da aka sarrafa daga koren ganye yana kama gubar tun a hanji, ya rage alamar illarta a fitsari da kashi 55. Amma ra'ayin wannan maƙala shi ne gyara ya fi sauƙi tun daga rumbu. A ƙauyukan yankin Kindiya na ƙasar Gini, wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2005 ya sa manoma su tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da hannu, su shanya mai kyau a kan tabarma har ta bushe ƙayau, su zuba a buhun algarara, su ɗora a kan katako don kada ta taɓa ƙasa. Bayan wata biyar, alamar gubar a jininsu ba ta kai rabin ta mutanen ƙauyukan da suka ci gaba da ajiya irin ta da ba.